Kawu Stane da Hatimin Asibiti

A garinmu na kudancin ƙasar Sabiya, duk wanda aka haifa, ko aka ɗaura wa aure, ko aka kora daga aiki, ko aka binne a cikin shekara arba'in da ɗaya da Stanimir ya yi yana sana'a, to da hannunsa a ciki, ko da yake bai halarci ko ɗaya bisa ɗari na waɗannan al'amura ba. Mai yin hatimi ne. Shagonsa yana bayan kasuwar kayan miya, tsakanin mai gyaran lema da gidan burodi, kuma faɗinsa bai kai mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba. Nan ya koyi aikin, nan ya gaje shi, nan ya yi furfura, har kowa ya koma kiransa Kawu Stane.

Yakan jera haruffan dalma da ɗan hantsaki, ɗaya bayan ɗaya, ya danna su cikin wata laka ta musamman, ya gasa roba a kai, sannan ya bi gefen da siririyar wuƙa. Tambarin gwamnati da ke tsakiya kuwa da hannu yake sassaƙa shi. Sau uku ƙasar ta canja suna yana zaune a kan kujera ɗaya. Duk lokacin da hakan ta faru wasu su yi kuka, wasu su fita titi da tuta, shi kuma ya aika birni a kawo masa ƙarin roba. Ra'ayinsa na siyasa da aka taɓa ji guda ɗaya ne: sunan ƙasar na ƙarshe ya fi sauƙin zama a cikin da'ira.

Ƙa'idarsa ita ma guda ce. Ba ya yi wa kowa hatimin hukuma sai an kawo masa takardar umarni, ita ma mai hatimi. A shekarun wahala an zo masa da fetur a jarka, an zo da rabin alade, an zo da hawaye, duk ya ce a'a. Garin yana girmama shi saboda haka, irin girmamawar da ake yi wa mutumin da aka tabbatar ba zai taɓa amfanar kowa ba.

Matarsa Desanka ma hatimi ne ya kawo ta. Tana aikin duba riguna a masaƙar gari, aka aiko ta karɓar ɗan hatimin da ake buga wa rigar da ba ta da aibi. Ta duba, ta ce a karkace yake. Ya ɗauko ma'auni ya nuna mata ba a karkace yake ba. Ta ce to ma'aunin ne a karkace. Wannan gardamar suka ɗauko suka kai ta gidan aure, suka haifi 'ya guda wadda yanzu take Ostiriya, suka zauna a hawa na huɗu na wani gini marar lif ɗin hawa bene. Da aka fara yin hatimi da na'ura cikin minti goma, Stane ya kulle shago, ya kwashe kayan aikinsa ya jibge a baranda, ya koma mai rakiyar matarsa kasuwa.

A tsakiyar Disamba Desanka ta taka ƙanƙara a ƙofar gidan burodi, ta faɗi ta karye a ƙugu. Aka kai ta babban asibitin birni aka sa mata ƙarfe. Ranar sallama likitan da ya yi aikin ya tsayar da Stane a baranda, ya yi masa magana yana duban agogo.

"Nawa aikin na gama. Saura gashin ƙashi. A kai ta asibitin ruwan zafi ta yi mako uku, inshora za ta biya. In aka bar ta kwance har bazara ƙafar za ta sandare, kuma ba za ta ƙara saukowa daga benenku da ƙafarta ba. Ka ji ni?"

Stane ya ji. Maza huɗu suka hau da ita hawa na huɗu a kan kujera, tana faɗa musu yadda ake ɗaukar kujera.

A ofishin inshorar lafiya, wata ma'aikaciya mai suna Slavka ta rubuta masa abin da ake bukata a bayan wata tsohuwar ambulan: takardar sallama, kwafin fayil ɗin marar lafiya daga asibitin unguwa, da takardar neman gashi daga likitarta. Kowanne da sa hannun likitar da hatimin asibitin unguwa. A kawo cikin kwana talatin daga ranar sallama, wato zuwa ashirin da ɗaya ga Janairu. Bayan nan sai dai a shiga jerin masu jira, wanda a lokacin ya kai damina mai zuwa.

Stane ya karanta ya ji daɗi. Abu uku, duk a gini ɗaya, ga kwana talatin. Ya ce wa Desanka zuwa Juma'a an gama.

"Sayi kofi," in ji ta daga gado.

"Kofin me? Haƙƙinmu ne."

"Na sani. Sayi gram ɗari biyu, da kwalin cakulan. Ba mai arhar nan ba."

Bai saya ba.

Ƙarfe bakwai saura ya isa asibitin unguwa, ya tarar mutum goma sha tara sun riga shi. Ya tambaya wa ye na ƙarshe, wata tsohuwa ta ce ita ce, amma akwai wani mai hula bayanta da ya je shan taba, da wata mai ciki da ta ajiye jaka. Ya zauna bayan jakar. A wannan barandar akwai mutane iri biyu: masu layi, da masu cewa "tambaya kawai zan yi" su shige su yi minti ashirin. Na farko suna zagin na biyu har zuwa ranar da su ma suka gane.

Tagar karɓar kati tana da ɗan labule mai furanni, bayan labulen kuma akwai Sista Radmila. Shekararta ashirin da shida a wurin. Ba muguwa ba ce. Likita ɗaya take yi wa aiki, likitar kuma tana ganin mutum hamsin a rana, don haka Sista Radmila ta raba duniya gida biyu: masu zazzaɓi da masu takarda. Mai zazzaɓi zai iya mutuwa yau. Ba ta taɓa ganin takardar da ta mutu ba.

"Kawu Stane, me ke damunka?"

"Lafiyata lau, Sista. Takardun matata nake so, na inshora."

"Lafiyarka lau." Ta dubi layin da ke bayansa, don su ma su ji abin da ya shigo da shi. "Ajiye a tire. Ka dawo Alhamis."

Ran Alhamis ba a ga fayil ba. Bayan an yi tunani aka tuna cewa duk matan masaƙa, fayilolinsu na asibitin masaƙa ne, kuma da masaƙar ta rufe an kwaso su a kwalayen riguna an zuba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Makullin ɗakin yana wurin mai gadin tukunyar ɗumama gini. Shi kuma yana hutun rashin lafiya, yana jiran wata takarda daga wannan tagar.

Daga nan Sabuwar Shekara ta shigo. Bayanta Kirsimeti, wadda a ƙasarmu bakwai ga Janairu ake yi. Tsakanin biyun ba a rufe ofis ba, ba a kuma buɗe shi ba. Ma'aikata suna zuwa su ci ragowar kek su tambayi juna yadda aka sha biki. Stane ya riƙa zuwa duk da haka. Ya san wace kujera ce kusa da bututun ɗumi, ya san wanda ke da ciwon suga da wanda ke zuwa don gidansa ba wuta. Wata rana har aka tambaye shi ko likita ta iso, ya ba da amsa daidai.

A gida kuwa Desanka tana kwance, ƙafar tana ƙara nauyi. Da safe yakan taimaka mata ta tsaya jikin ƙarfen dogarawa, ta yi taku uku zuwa taga, ta leƙa titi, ta koma. A makon farko taku biyar take yi. Ba wanda ya ambaci wannan a cikinsu.

Ranar kwana na goma sha takwas ta ce, "Tsoho, zo nan. Shekara nawa kana yi wa ofisoshin garin nan hatimi?"

"Arba'in da ɗaya."

"A cikinsu ka taɓa ganin hatimi ya tashi da kansa ya hau takarda?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Hannu ne ke ɗaga shi. Hannun kuma kofi yake sha. Jeka."

Ba da kofi yana da tsarinsa, kuma duk ɗan garin ya san shi, har da Stane da bai taɓa yi ba. Ba a miƙawa hannu da hannu. Ana shiga ne lokacin da labule ke rufe, a ɗora ledar a gefen tebur kamar an gaji da riƙe ta, a dubi bango a ce, "Ga ɗan abin da za ku sha da safe." Sista Radmila kuma ta ce, "Haba Kawu, da ba ka wahalar da kanka ba," durowa ta buɗe ta rufe kafin ta kai ƙarshen maganar. Haka aka yi, ba a tsallake komai ba. Kunnuwan Stane suka yi ja kamar tattasai.

Washegari aka gano ashe mai shara ma tana da makullin ɗakin ƙasa, tun shekara tara.

Fayil ɗin ya fito da ƙura da warin tsohon yadi, kaurinsa ya kai bulo. Duk rayuwar Desanka na ciki, daga tarin da ta yi tana budurwa har haihuwar 'yarsu. Injin kwafin asibiti ba tawada, an rubuta neman ta tun kaka. Akwai mai kwafi a tsallaken titi, sai dai doka ta hana fayil fita daga gini. Sista Radmila ta karanta masa dokar da babbar murya, sannan ta tura fayil ɗin bakin tebur ta juya tana neman wani abu a kabad. Stane ya tsallaka titi da cikinsa a kumbure ƙarƙashin kwat, yana gaida mutane.

Saura sa hannun likita. Likita ta tafi taron ƙara wa juna sani na kwana uku. Ta dawo ran tsohuwar Sabuwar Shekara, ta tsohuwar kalanda, sha huɗu ga wata, wadda ba hutu ba ce a hukumance, amma ba wanda ya taɓa gaya wa jikin mutane haka. Ran Alhamis, sha bakwai ga wata, ta sa hannu a tsaye, tsakanin mai tari da mai hawan jini, ta buga ɗan hatiminta mai sunanta, ta ce a gaida Desanka.

"Saura zagayayyen," in ji Stane. Hatimin likita shaida ne cewa likita ce. Zagayayyen hatimin asibiti shi ne shaidar cewa akwai asibitin.

"Yana sama wurin Bosa, sakatariyar darakta," in ji Sista Radmila. "Bosa kuma ta ɗauki hutu, bikin waliyyin gidansu ran Lahadi. Sai Talata."

"Talata ashirin da biyu."

"Na iya ƙirga, Kawu."

Ta dube shi. Ta dubi kwat ɗinsa da maɓalli ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba, abin da Desanka ba za ta taɓa bari ya fita da shi ba da tana tsaye. Sai ta ja labule, ta buɗe durowar ƙasa, ta tura hannu can bayan ledojin kofi, ta zaro wani zagayayyen hatimi mai mariƙin katako. Ta huhhura masa iska, ta danna a soson tawada, ta buga wuri uku. Kowane bugu sai da kofunan kan tebur suka amsa.

"Kwashe ka tafi. Ba ka ga komai ba."

Amma ya gani. Tun daga mariƙin ya gane shi. Nasa ne, yana cikin na ƙarshe da ya yi kafin ya rufe shago. Ya tsaya a matakalar asibiti cikin sanyi ya sa tabarau. Da'irar ta fito cif, ba inda ta yanke. Kowane gashin fiffiken gaggafar da ke tsakiya ana iya ƙirga shi. Shekara shida da yinsa, ko gezau. Wata guda ke nan bai ji wani abu mai daɗi ba sai yau.

Ran Juma'a da safe ya ajiye takardun gaban Slavka. A ƙasarmu ba a karanta hatimi, ganinsa ake yi: in zagayayye ne, launin shuɗi mai duhu, yana ƙasan shafi, to hatimi ne. Slavka ta lasa yatsa tana juya shafuka, tana cewa, "Akwai, akwai, akwai." Ta jawo littafin karɓa, ta cire murfin biro.

Da Stane ya dubi silin na daƙiƙa goma, da labarin ya ƙare nan.

"'Yata," in ji shi, "dubi gaggafar nan da kyau."

"Na'am?"

"Dubi fiffiken. Na'ura ba ta yin wannan. Ni na sassaƙa shi da hannuna, shekara shida da suka wuce, kin ga ko tsagewa bai yi ba."

Biron ya tsaya a sama. A teburin da ke gefe shugaban sashe, wanda ke cin burodi da cuku a kan jarida, ya daina tauna.

"Shekara shida?" in ji Slavka a hankali. Ta kusanto da takardar, ta yi abin da ba a yi: ta karanta. Shekara uku da suka wuce an raba asibitin unguwa da babban asibiti, an ba shi sabon suna da sabon hatimi. Wannan hatimin na wata ma'aikata ce da babu ita.

Ta mai da murfin biro. Ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, wa ya tambaye ka?"

"Ai cewa na yi..."

"Na ji abin da ka ce. Shi ma ya ji. Da ka yi shiru da yanzu kana hanyar gida." Ta turo masa takardun. "A buga sabon a gefen wannan, wuri uku. Litinin ƙarfe uku muke rufewa."

Ya fara biyawa ta asibiti. Sista Radmila ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Kai da bakinka."

"Da bakina, Sista."

"Shekara uku ina taimakon mutane da abin nan. Makafi sun wuce da shi, kurame sun wuce da shi. Sai da mai shi ya zo." Ta dafe goshi. Can ta ce, tana duban labule, "Ko an fasa durowar Bosa ba za a same shi ba. Ba ta yarda da durowa ba. A jakarta yake kwana. Ban faɗa maka komai ba, kuma don Allah wannan karon kar ka yaba wa kowa."

A gida Desanka ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan muni. Ta sa ya maimaita abin da ya ce wa Slavka kalma bayan kalma.

"Fiffike," in ji ta.

"Desa..."

"A'a, ai da gaskiyarka. Fiffike ya yi kyau. In na rasa ƙafa sai ka sassaƙa mini guda biyu in riƙa sauka ta taga." Ta gyara bargo. "Kayan aikinka suna baranda. Sabon hatimin yana jikin takardar maganina, ga ta can. Awa nawa zai ɗauke ka?"

Ya ɗauki takardar maganin ya duba. Awa uku, in robar ba ta bushe ba. Ya fita baranda, ya ɗaga murfin akwatin, ya tsaya cikin sanyi yana kallon hantsakinsa da wuƙaƙensa. Ya daɗe. Sannan ya rufe ya dawo.

"Ba takardar umarni," in ji shi.

"Na san haka za ka ce. So nake in ji ko ka mutu ne ban sani ba." Ta juya fuska bango. "Wane ƙauye ne na su Bosa?"

Bikin waliyyin gida, wanda kowane iyali a ƙasarmu ke yi sau ɗaya a shekara don waliyyin da ke tsare su, yana da doka da ta girmi duk dokokin inshora: ranar, ƙofa a buɗe take, kuma wanda duk ya shigo baƙo ne, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi. Sai dai dokar tana da ɗaya gefen. Baƙo ba ya kawo maganar aiki a gaban kyandir ɗin waliyyi da ciki wayam. Sai ya ci.

Ran Lahadi Stane ya sa kwat ɗin zuwa jana'iza, ya ɗauki kwalbar giya da wani gram ɗari biyu na kofi, ya sa takardun a leda cikin rigarsa, ya hau motar ƙarfe goma sha ɗaya. Motar dawowa ta ƙarshe ƙarfe huɗu take tashi.

Mijin Bosa ya tare shi a ƙofa, wani ƙato mai jan fuska wanda bai taɓa ganinsa ba, ya sumbace shi sau uku. Aka ba shi cokalin dafaffiyar alkama da sukari, ya yi wa gida addu'a, aka ba shi ruwa, aka ba shi kofi, aka ba shi rakiya, barasar da maigidan ya dafa da kansa kuma yake tsaye yana jiran a yaba. Aka zaunar da shi tsakanin wani tsohon direban jirgin ƙasa da wata gwaggo mai kurumta. Bosa, gajeriya mai sabon gyaran gashi, tana shiga tana fita da faranti. Ta gan shi, ta ga kumburin rigarsa, ta gane komai, ta ce, "Kawu Stane, ka kyauta. Ci."

Aka kawo cuku da busasshen nama. Aka kawo miya. Aka kawo naɗin kabeji, aka zuba masa uku, da ya cinye aka ɗauka yunwa yake ji aka ƙara biyu. Direban jirgin ya bayyana masa dalilin rushewar ƙasar tun daga farko. Ƙarfe biyu da rabi aka shigo da gasasshen alade. Stane, wanda likita ta hana shi maiƙo tun shekara goma, ya ci kamar mai biyan tara, yana satar kallon agogon bango. Sau biyu ya buɗe baki ya kira Bosa, sau biyu gwaggon ta cusa masa wani abu a faranti.

Ƙarfe uku da kwata aka kawo kek iri bakwai. Ya ci ɗaya, ya ajiye cokali, ya bi Bosa kicin.

"Ranki ya daɗe, na san yau ba ranar..."

"Ka ci gashin?"

"Na ci."

"Kek fa? Wanne ka ci?"

"Mai gyaɗar nan."

"Na surukata ne wannan. Ci nawa." Ta tsaya har ya haɗiye. "Radmila ta bugo mini jiya. Ta ce in ka fara maganar fiffike in kore ka. Kawo."

Ta ture tiren nama gefe, ta goge teburin da gefen rigar girkinta, ta ɗauko jaka daga saman firij. Hatimin ya fito daga tsakanin janbaki da maganin ciwon kai: ɗan akwatin roba mai tawada a cikinsa, irin na na'ura. Ta danna wuri uku da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da murfin tukunya.

Stane ya duba a cikin mota, da tabarau. Da'irar ta yanke a wuri biyu. Gaggafar ta yi kama da kazar da mota ta taka. Na ukun ya hau rabin sa hannun likita, kuma a gefensa akwai ɗigon maiƙo da ya mai da takardar kamar gilashi. Ga nasa a kusa, tsaf, ba ya aiki.

Litinin yana ƙofar inshora kafin a buɗe. Slavka ta juya shafukan, ta tsaya a na ukun, ta ɗaga shi sama wajen haske. Shugaban sashe yana teburinsa, yau ba ya cin komai.

"Wannan bai fito sosai ba," in ji ta. Ta dubi Stane ta saman takardar. "Kawu, kai ne masani. Ya ka gan shi?"

Stane ya dubi kazar. Shekara arba'in da ɗaya suka taso masa har wuya, tare da naɗin kabeji biyar.

"Aiki ne mai kyau," in ji shi.

"Ka tabbata?"

"Na zamani ne. Haka ake yinsu yanzu."

Slavka ta cire murfin biro ta rubuta lamba a littafin karɓa.

Kwamitin likitoci ya zauna bayan kwana tara ya ba Desanka mako uku, daga farkon Fabrairu. Ta tafi a kan kujera, ta dawo da sanda, da sunayen mata goma sha ɗaya da cikakken tarihin surukansu. Ranar da ta dawo ta hau benen da ƙafarta, tana hutawa a kowane hawa tana faɗin abin da ya lalace a ginin tun tafiyarta.

Yanzu shekarunsu sun ja sosai, amma duk Asabar ana ganinsu a kasuwa, ita a gaba da sanda, shi a baya da jaka. Ta ba da labarin nan ga mai tattasai, da mai ƙwai, da duk wanda ya tsaya. A bakinta, ita ta shirya komai daga kan gado, mijinta kuwa an aike shi neman hatimi ya je ƙauye ya ci rabin alade. Stane yana tsaye yana saurare. Wani lokaci bakinsa yakan buɗe kaɗan, kamar zai gyara wani wuri, sai ya sauya wa jakar hannu ya tambayi kuɗin albasa.